Hannun Asabe Mai Ƙosai

A shekarar da hukuma ta hana acaba a cikin garin Jalingo sana'ata ta kusa mutuwa a hannuna. Ku samarin da kuke zama a bencin nan da yamma ba ku san wannan ba, don wasunku a lokacin ko wando ba su fara sawa ba. Kuna ganina ina fere gora ina naɗa tsumma, sai ku ce ai ɗori ɗaure kara ne da tofi, kowa ma zai iya. Rannan ɗayanku har cewa ya yi ya ga yadda ake yi a waya. To, ku gyara zama. Ni ba mai sauri ba ne, ƙashi ma ba ya haɗuwa da gaggawa.

Sunana Garba. A nan unguwar Turaki aka haife ni, kakanninmu kuwa daga Zariya fatauci ya kawo su. Ɗori a wurin ƙanin mahaifiyata na koya, Kawu Ilu, Allah Ya jiƙansa da rahama. Na daɗe a gabansa bai bar ni na taɓa jikin ɗan Adam ba. Mahauta yake aikena in samo ƙashin ƙafar akuya. Sai ya karya shi, ya jefa cikin ƙaramin buhu cike da dusa, ya ɗaure bakin, ya ce in haɗa daga waje. In na ce na gama ya kwance ya duba. In ya tarar da baki bai hau baki ba, ba ya faɗa, sai ya sake karya wani. Yakan ce ido ba ya shiga cikin nama, yatsa ne idon maɗori.

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su. Gora ce busasshiya, a tsaga ta sirara, a kankare gefen don kada ta ci fata, a saƙa da zare kamar ƙaramin asabari. Sai man kaɗanya, sai tsumma mai tsabta, yanzu kuma bandeji. Sai bismillah da addu'ar da aka gada. Wahalar tana wurin ɗaurin. Ka matse da yawa jini ya tsaya, yatsu su yi baƙi, ka jawo wa mutum yankan hannu. Ka sassauta da yawa ƙashi ya zame ya haɗu a karkace. Tsakanin waɗannan biyu babu ma'auni sai yatsanka da tsoron Allah.

Abu na biyu da Kawu ya koya mini shi ne kada in gaskata bakin wanda ya zo. Duk mai shigowa zauren maɗori da ƙarya yake shigowa, ƙarama ko babba. Yaron da ya faɗo daga mangwaron mutane zai ce aike aka yi masa ya yi tuntuɓe. Dattijon da ya tsallaka kwata ya zame zai ce rago ne ya tunkuye shi, don faɗuwa kunya ce a wurinsa. Ka saurara, ka ce Allah Ya kiyaye gaba, sannan ka tambayi ƙashi. Wanda ya faɗi da gaske tafin hannu yake kai wa ƙasa, za ka ga ƙujewa, wani lokaci har da tsakuwa a cikin fata, karayar kuma kusa da tsintsiyar hannu take. Amma sangalin hannu ƙashi biyu ne a jere. In ka tarar da na waje, wanda yake ta ɓangaren ƙaramin yatsa, ya karye a tsakiya shi kaɗai, tafin hannu kuma sumul, to wannan hannu ba ƙasa ya tarba ba. Ɗaga shi aka yi aka kare kai.

Zamanin acaba irin wannan karaya tana zuwa mini a hannun mata, kuma kullum amsar ɗaya ce: acaba ne ya kayar da ita. Wa zai musa? A lokacin babu ranar da ba a kawo mini wanda babur ya karya da gaske. Yatsana yakan yi shakka, amma shakka ba shaida ba ce. Acaba ya ɗauki mutane, ya ɗauki kaya, ya ɗauki laifin maza da yawa a garin nan.

Wata safiya, bayan hanin ya yi watanni, ko ƙarar babur ba a ji a cikin gari, sai ga Ɗanjuma da matarsa Asabe. Ɗanjuma tsohon ɗan acaba ne, tun da aka hana yana zaune babu aiki. Asabe ce ke riƙe da gidan da ƙosan da take soyawa a bakin titi. Ta shigo ta tallabe hannun dama da na hagu, ta rufe da mayafi. A kan benci akwai mutum biyu da ba sa fashin zama wurina: Isa Tela, wanda shagonsa ke jikin zaurena, da Baba Yohanna, tsohon kafinta Bamumuye, wanda katangarsa ɗaya da gidan Ɗanjuma.

Na ce, "Me ya same ta?"

Ɗanjuma ya ce, "Acaba ne, Malam. Jiya da yamma ya kwashe ta a bakin kasuwa."

Isa Tela ya ce, "Acaba? A bakin kasuwa? Kai Ɗanjuma, in akwai sauran ɗan acaba a garin nan don Allah ka nuna mini shi, ni ma na gaji da jiran keke napep."

Ɗanjuma ya ce, "Keke nake nufi. Baki ne ya saba."

Isa ya yi ta dariya. Baba Yohanna bai yi ba. Ƙasa yake kallo, yana murza hularsa a gwiwa.

Na juya wurinta na ce, "'Yata, ta ina kika faɗi?"

Ta ce, "Yadda ya faɗa, Malam."

Na buɗe tafin hannun. Babu ƙujewa ko kaɗan, sai tsoffin tabon mai na masu suya. Na bi sangalin da yatsa. Ƙashin waje ne, a tsakiya, kuma bakin ya goce, sai an ja.

A al'adar sana'armu ba a jan ƙashin mace sai muharraminta ya riƙe ta. Na ce wa Ɗanjuma ya durƙusa ya kama gwiwar hannun da hannu biyu, kada ya saki ko me ya ji. Na yi bismillah na ja. Ku da ba ku taɓa riƙewa ba, ba ku san cewa mai riƙo yana jin gogar ƙashi a cikin tafinsa ba, kamar ana murza tsakuwa biyu a cikin tsumma. Asabe ta ciji mayafinta kawai. Shi ne gumi ya karyo masa har yana ɗiga a kan tabarma.

Da na gama ɗauri na ja shi bakin ƙofa, na rage murya na ce, "Ɗana, ban tambaye ka ba, kada ka ƙara mini wata ƙaryar. Wannan hannu kanta ya kare. Da bai tashi ba, ba wurina za ka kawo ta ba, maƙabarta za a nufa, kai kuma ka san inda za a kai ka."

Ya ce, "Malam, ɗori na kawo, ba shari'a ba."

Na ce, "To ga ɗori. Hannun nan ba zai ɗauki bokiti ba, ba zai riƙe taɓarya ba, ba zai juya ƙosai ba, sai na kwance shi da kaina. Ruwa da itace da wanki, kai za ka yi."

Wannan na ƙarshe ya fita da ƙarfi, Isa Tela kuwa kunnensa kamar na zomo. Ya tafa hannu ya ce, "Shi ke nan, Ɗanjuma, ka zo in auna ka in ɗinka maka zani! Mijin-ta-ce na Turaki!"

Ɗanjuma ya dube shi, ya dube ni, ya ce wa matar ta tashi su tafi. Ranar da na ce su dawo a duba ɗaurin ba su zo ba.

Abin da ya zo a madadinsu magana ce. Ɗanjuma ya zauna a teburin mai shayi ya ce Malam Garba ya riƙe hannun matarsa ya ƙi saki, yana mata tambayoyi ƙasa-ƙasa, yana neman sanin sirrin ɗakin mutane. Kafin mako ya zagayo, hannun ya zama kafaɗa, tambaya ta zama zance. Ku sani, maɗorin da aka ce yana da ido a kan matan mutane ya gama yawo. Maza suka daina kawo mini iyalinsu, suka koma wurin wani maɗori a can Abbare wanda ba ya tambayar kowa komai. Waɗanda suka fi zafi a kaina, na lura, su ne waɗanda a da acaba ya fi yawan kayar da matansu. Ga masu karayar babur sun ƙare, ga wannan. Mai unguwa ya kira ni ya ce, "Malam, ka tsaya a ƙashi mana." Na ce masa a ƙashin na tsaya, shi ne ya yi magana. Man kaɗanyana ya daskare a kwalba. Gorar da na fere ƙwari suka huda ta. A shekarar na koma noman rani a bayan gari, ina sayar da alayyahu, ni da ake zuwa wurina daga ƙauyuka.

Benci dai bai watse ba, don Isa da Baba Yohanna ba ɗori ke kawo su ba, inuwa ce. Wata rana Baba Yohanna ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, ni ina ji fa. Katanga namu ɗaya ne. Ranan nan ma na ji, da kunne na. Amma a wurin mu, matan wani ba ka sa baki."

Na ce, "A wurinmu ma haka ake cewa, Baba. Amma in ka ga hayaƙi yana tashi a ɗakin Ɗanjuma, za ka ce wutar wani ba ka sa baki?"

Ya ce, "Wuta daban ne. Wuta zai tsallake katanga."

Na ce, "Wannan ma tana tsallakewa. Jikokinka maza suna tsakar gida suna ji, suna kuma kallonka kana zaune. Karatu suke ɗauka."

Isa ya ce, "Ni dai Malam, gaskiya mace sai da ɗan horo. Haka muka taso muka gani."

Na ce, "Horon da ake kawo wa maɗori? Kai da kake sahun gaba a masallaci, ka taɓa jin an ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗaga hannu ya doki mace? Aikin gida ma yana taya iyalinsa. Shi ma za ka ɗinka masa abin da ka ce za ka ɗinka wa Ɗanjuma?"

Isa ya ce, "Subhanallahi! Malam, kada ka jefa ni wuta. Wasa nake yi."

Na ce, "Wasan nan naka ya fi almakashinka kaifi. Mutumin da ka yi wa dariya a gaban mutane, kana tsammanin gobe zai ɗauki bokiti ya fito layin famfo?"

Ba a rana ɗaya aka gama wannan gardama ba. Isa mutum ne mai taurin kai, yau ya yarda gobe ya dawo da wata hujja da ya ji a wani wuri. Wasu dattawan unguwa suka riƙa tsayawa suna sa baki, wasu su tashi da fushi. Ba ƙungiya muka kafa ba, ba mu da suna, ba mu da shugaba. Abin da muka tsayar kawai shi ne, wanda ya ji ana dukan mace a maƙwabtansa ya tashi, kada ya tafi shi kaɗai, ya kira wani namijin, su yi sallama da ƙarfi, kada su bar ƙofar sai matar ta fito. Kuma a bencin nan ba a ƙara yi wa namiji ba'a don ya ɗebo wa gidansa ruwa. Ni kaina ban yarda za su aikata ba. Na san maza, a inuwa kowa jarumi ne.

Da damina ta faɗi, wata rana bayan azahar, Baba Yohanna ya ji an fara dukan Asabe. Ya fito da gudu irin na tsoho, ya tarar da Isa a kan keken ɗinki, ya ce, "Tela, tashi, maganan nan ya zo." Isa ya gaya mini daga baya cewa sai da ya yi kamar yana neman takalminsa, ko Allah zai sa abin ya lafa. Bai lafa ba. Suka je suka yi ta sallama har maƙwabta suka fara leƙowa. Ɗanjuma ya fito yana huci ya ce, "Lafiya? Gidana ne!"

Isa ya ce, "Mun san gidanka ne, shi ya sa muka yi sallama. Asabe muke so ta fito, matar Baba tana kiranta."

"In ba ta fito ba fa?"

Baba Yohanna ya ce, "To mu ma muna nan. Ni ba ni da aiki, na yi ritaya."

Ta fito. Matar Baba Yohanna ta shige da ita gidansu, washegari suka rako ta wurina.

Da na kwance mayafin na ga hannun, na san abin da aka yi. An cire gorar tun ƙashi yana ɗanye, ya haɗu a karkace kamar reshen da iska ta tanƙwara. Na ce ta juya tafin sama, ya tsaya a rabi. A nan ne ta yi magana, ba tare da na tambaya ba. Ta ce da muciya ya karya mata hannun. Ta ce shi ya kwance ɗaurin da hannunsa, don babu abinci a gidan in ba ta soya ba, shi kuma ya rantse ba za a gan shi a layin famfo ba. Tun daga nan matsami ba ya zama a hannunta, ƙosai yana ƙonewa, ciniki ya ja baya, a kan haka rigimar jiya ta tashi. Sannan ta ce, "Malam, duk abin da ake faɗa a kanka ina ji. A lokacin ba ni da bakin magana."

Na ce mata wannan ya fi ƙarfin gora, sai asibiti, a ɗauki hoto a gyara da ƙarfe. Ku riƙe wannan ma, yana cikin sana'a: maɗorin da bai san inda hannunsa ya tsaya ba mahauci ne. Yayanta, wanda take kira Hamma, ya zo daga unguwar Mayo Gwoi ya tafi da ita, shi ya tsaya har aka yi aikin. A gidansa ta yi jinya.

Bayan wani lokaci Ɗanjuma ya samu keken wani yana ja. Ya tura dattawa biko, aka dawo da su. Ya sake turawa, aka sake dawo da su. Sai ga shi wata rana ya faki idon mutane ya same ni ni kaɗai, ya durƙusa ya ce, "Malam, ka yafe mini, sharrin Shaiɗan ne."

Ban ce masa tashi ba. Na daɗe ina jin sunan Shaiɗan a bakin mutanen da muciya ke hannunsu. Kuma na san abin da ya kawo shi, gida babu mace, tukunya babu wuta. Ko akwai tsoron Allah a ciki, wannan Mai duba zukata ne Ya sani. Na ce, "A ɓoye ka ɓata ni?"

Ya girgiza kai.

Na ce, "To inda aka zubar a nan ake kwashewa."

Ya ce, "Ita ma haka ta ce. Wai ba za ta ko saurari dattawa ba sai na faɗa a nan, da rana, tana ji."

Ranar da aka sa, bayan la'asar, benci bai ishi mutane ba. Har mai shayin ya rufe teburinsa ya zo, da wasu daga cikin masu zuwa Abbare, waɗanda na tabbata kallo ya kawo su. Asabe ta zo ita da matar Baba Yohanna, suka tsaya daga bakin zaure. Ɗanjuma ya ajiye kekensa a gefen titi, ya tsaya a gaban mutane yana wasa da makulli.

Ya ce, "Jama'a, abin da ya faru tsakanina da iyalina, kuskure ne aka samu."

Isa Tela ya ce, "Wa ya samu? Ɗaga murya, mu tsofaffi ne."

Ya ce, "Ni na doke ta. Da muciya. Ni na karya hannun, ni na kwance ɗaurin."

Ya juya kamar zai tafi, sai Asabe ta ce daga inda take, "Saura na Malam."

Ya tsaya. Ya ce, "Abin da na faɗa a kan Malam Garba ƙarya ne. Ina wurin, ni na riƙe ta. Bai yi komai ba sai aikinsa. Na faɗa ne don ya gane abin da na yi."

Mai shayi ya ce, "A teburina ka faɗa, gobe da safe ka zo ka maimaita a can, masu shan shayin safe ba su zo nan ba."

Ya ce zai zo. Ya miƙo mini hannu, na karɓa, na ce, "Tsakanina da kai an gama, duniya da lahira. Nata kuwa ba a hannuna yake ba."

Ya juya wurinta ya ce, "To, kin ji. Zo in kai ki Mayo Gwoi ki kwaso kayanki."

Ta ce, "Na ji. Bashin Malam ka biya. Nawa ba a biyansa da baki, kuma ban ce yau ba."

Ta yi mini sallama, ta yi wa Baba Yohanna da Isa godiya, ta wuce kekensa ko kallo ba ta yi ba. A bakin titi ta ɗaga hannun dama, ta juya tafin sama sosai, ta tsayar da wani keken ta shiga.